Farauta a Ƙasar Wani: Izini Uku Kafin a Saɓa Bindiga

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa bayinsa dabbobin tudu da na ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Duk shekara idan damina ta ɗauke, ciyawa ta bushe, aka fara kai amfanin gona gida, tambayoyin farauta sukan dawo majalisun karatu a Pumpumre da sauran unguwannin Garwa. Wani yana son bin zabi da gada a bayan gonar da ba tasa ba. Wani an ɗauke shi aikin bin sawu a sansanin maharba baƙi. Wani kuma an aiko masa da cinyar ɓauna, yana tambaya ko ta halatta. Amsar waɗannan tambayoyi tana komawa ga asali guda: wanda zai yi farauta a ƙasar da ba tasa ba yana bukatar izini uku, na Shari'a, da na hukuma, da na mai ƙasa, kuma babu ɗaya da ke tsayawa a madadin ɗaya.

Hukuncin farauta a asali

Farauta halal ce da Alƙur'ani da Sunna da ijma'in malamai. An yi bayaninta a Suratul Ma'ida, aya ta 1 da ta 2 da ta 4, sannan daga ta 94 zuwa ta 96. Mafi yawan sharuɗɗanta kuwa an ciro su ne daga hadisan Adiyyu ɗan Hatim da Abu Sa'alaba al-Khushani, Allah ya yarda da su, waɗanda Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Malaman Malikiyya, irin su Ibnu Juzayyi, sun kasa ta gida biyar. Tana zama halal ga mai neman abinci ko abin sayarwa. Tana zama abin so ga mai neman yalwata wa iyalinsa. Tana zama wajibi idan da ita kaɗai za a ceci rai daga yunwa. Tana zama makaruhi idan don nishaɗi kawai ake yin ta. Tana zama haram idan wasa da rai ne babu niyyar cin nama, ko za ta kai ga barin salla, ko cin haƙƙin mutane. Wannan gida na biyar shi ne wanda ake yawan mantawa, domin shiga gonar mutum ba da saninsa ba cin haƙƙi ne.

Dabbar ta wa, ƙasar ta wa?

A fiƙihu, dabbar daji ba ta zama mallakar mutum don kawai ta ratsa gonarsa ko ta kwana a cikinta. Wanda ya riga ya kama ta shi ne mai ita. Shaihu Khalil ya kawo misalin dabbar da ta faɗa gidan wani: idan mafarauci ne ya koro ta har ya shigar da ita, tasa ce, idan kuwa ta kuɓuce masa ta shiga da kanta, ta mai gida ce. Amma halaccin dabba bai halatta taka ƙasar mutum ba. Wanda ya tsallaka shinge ko ya kutsa cikin shuka ba izini ya yi laifi, kuma duk abin da shi ko karnukansa suka ɓata, biyansa yana wuyansa.

Ƙasashen duniya ma sun bambanta a kan wannan. A yammacin Amurka, inda ake farautar wata irin barewa mai manyan kunnuwa kamar na alfadari, dabbar ba ta mai gona ba ce. Maharbi yana karɓar takarda daga gwamnatin jiha, sannan ya nemi yardar mai gona daban. A Afirka ta Kudu, dokar 1991 ta ba wanda ya kewaye gonarsa da shinge mai inganci ikon mallakar namun dajin da ke ciki. Kenya kuwa ta hana farautar manyan dabbobi tun 1977. Kamaru ta fi kusa da tsari na farko: namun daji suna ƙarƙashin kulawar gwamnati, ko da a cikin gonar mai takardar mallaka suke.

Ire-iren ƙasa a yankinmu

Kafin mutum ya sa ranar fita, ya fara sanin irin ƙasar da zai taka, domin iri huɗu ce.

Na farko, gandun daji na gwamnati. Jihar Arewa tana da guda uku: Binuwai, mai faɗin hekta 180,000, wanda aka keɓe tun 1932 ya zama cikakken gandu a 1968; Buba Njidda, mai hekta 220,000, a ƙasar Rai Buba kusa da iyakar Cadi, shi ma 1968; da Faro, mai hekta 330,000, kusa da iyakar Najeriya, a 1980. A cikin waɗannan babu farauta ga kowa, da kowane irin makami.

Na biyu, yankunan farauta da ke kewaye da gandayen, waɗanda ake taƙaita sunansu da ZIC. Sun haura 20. Gwamnati ce ke ba da hayarsu ga jagororin farauta masu lasisi, yawancinsu baƙi, su kuma su kawo maharba daga Turai da Amurka. Babban abin da ke jawo su shi ne ƙatuwar dabbar nan mai murɗaɗɗun ƙahoni wadda Fulani ke kira yamusa, sai ɓauna, da gwanki, da kanki, da gwambaza, da maraya. Mai haya ba shi ne mai ƙasar ba, amma haƙƙin farauta a cikinta nasa ne har wa'adinsa ya cika. Akwai 'yan yankuna kaɗan da al'ummar wurin ke da hannu a gudanar da su, irin su Voko-Bantaje ta wajen Poli. Idan aka haɗa gandaye da yankunan farauta, sun ci kusan kashi 44 cikin 100 na faɗin jihar.

Na uku, ƙasa mai takardar mallaka, bisa dokokin ƙasa na 1974: gona, ko lambu, ko wurin kiwo da mutum ko kamfani ya yi wa rajista.

Na huɗu, ƙasar gargajiya, wadda ita ce mafi yawan gonakin ƙauye. Ba ta da takarda, amma kowa ya san mai noma ta, kuma jauro da lawan da lamiɗo su ne masu faɗa a ji a kanta. Rashin takarda bai mai da ita ta kowa ba. A Shari'a, wanda ya raya ƙasa yana noma ta yana da haƙƙi a kanta.

Izinin hukuma

Tsarin da aka daɗe ana bi ya fito ne daga doka mai lamba 94/01 ta 20 ga Janairu 1994, da dokar zartarwarta ta 20 ga Yuli 1995. A ranar 24 ga Yuli 2024 aka sa hannu a sabuwar dokar gandun daji da namun daji, wadda ta maye gurbin ta 1994 ta kuma ƙara tsananta hukunci. Ma'aikatar Gandun Daji da Namun Daji ce ke da alhakin wannan, kuma tana da ofishin jiha a Garwa. Can ya kamata mai niyya ya fara zuwa ya karɓi sanarwar shekarar, domin minista ne ke sa ranar buɗe farauta da ta rufewa.

An kasa dabbobi aji uku. Ajin A su ne masu cikakkiyar kariya, kamar raƙumin dawa da damisa da ayu. Ajin B ana harbinsu da lasisi kuma da ƙayyadadden adadi, kamar ɓauna da gwanki da kanki. Ajin C su ne sauran, kamar zomo da gafiya da gyazbi. Akan sake duba jerin lokaci lokaci, saboda haka kada a dogara da abin da aka sani shekaru goma da suka wuce. Lasisin farauta shi ma mataki uku ne, na ƙanana da na matsakaita da na manyan dabbobi, kuma takardar riƙe bindiga daban take, daga wata ma'aikatar take fitowa.

Dokar 1994 ta bar wa talaka ƙofar farautar gargajiya, amma ƙunƙuntacciya ce: da kayan da aka yi da itace ko ciyawa, a kan ƙananan dabbobin ajin C, don tukunyar gida ba don kasuwa ba. Kuma ta cire wuri biyu a sarari, wato wuraren da aka keɓe wa namun daji da mallakar wasu mutane. Ke nan a nan doka da fiƙihu bakinsu ɗaya.

Ta kuma hana farautar dare da fitila, da bin dabba da mota ko babur, da guba, da cinna wa daji wuta, da bindigar toka, da ragar zamani. Mai lasisi yana rubuta abin da ya harbe ya biya harajinsa, kuma mace ɗaya ana lissafa ta a matsayin biyu. Sannan duk wanda aka samu da dabbar ajin A ko B, ko wani yanki nata, nama ne ko fata ko ƙaho, ana ɗaukarsa shi ne ya kashe ta. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Direba da mahauci da mai tuwo-tuwo su lura da wannan.

Mai tambaya zai ce: yaya hukuma za ta hana abin da Allah ya halatta? Amsa ita ce, shugaba yana da ikon taƙaita halal don maslahar jama'a. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Wannan shi ake kira hima. Sharaɗinsa shi ne ya zama don amfanin jama'a ne, kada ya zama hanyar ƙuntata wa talaka. Shi ya sa kason da aka tsara wa mutanen wuri daga kuɗin hayar yankunan farauta, wato kashi 40 ga ƙananan hukumomi da kashi 10 ga ƙauyukan da ke maƙwabtaka, haƙƙi ne da ya kamata a riƙa tambayar inda ya shiga. Manomin da giwa ko ɓauna ta addabi gonarsa shi ma dokar 1994 ba ta ɗaure masa hannu ba: ta yarda da kare rai da dabbobi da shuka idan larura ta kama nan take, da sharaɗin a kai hujja ga jami'an daji cikin awa 72.

Izinin mai ƙasa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya samu takardunsa ya je wurin mai ƙasa da kwanaki kafin ranar, da rana tsaka, ya yi sallama, ya faɗi sunansa da inda ya fito. Idan ƙasar gargajiya ce, ya fara da gaisuwa wurin jauro, ya nemi a haɗa shi da gaw na garin, wato maharbin da ya san dajin. Abubuwan da za a daddale su ne:

1. Iyaka. A taka ta da ƙafa tare da mai ƙasa ko wakilinsa. Iyakar gonar ƙauye da yankin haya sau da yawa rafi ne ko tsauni ko hanyar shanu, kuma rashin sani ba ya fid da mutum a hannun masu gadin daji.

2. Rana da lokaci, da adadin mutane da karnuka. Izinin mutum biyu ba izinin gayya ba ne, izinin bana kuma ba na baɗi ba ne.

3. Irin dabbar da za a nema da adadinta.

4. Abin da ke cikin ƙasar. Lokacin farauta yana haɗuwa da tsinkar auduga da nunar masakwa, wadda muke kira muskuwari, ana girbinta wajen Janairu da Fabrairu. Shi ne kuma lokacin da makiyaya ke gangarowa bakin Binuwai da Faro da Mayo Rai. A tambayi inda ruga take, da mashaya, da inda mata ke itace.

5. Abin da za a yi idan dabba mai rauni ta tsallaka gonar maƙwabci. Mafita ita ce a sanar da maƙwabtan tun farko. Idan kuwa ta shiga gandu ko yankin haya, sai a tsaya a kai rahoto.

6. Kason mai ƙasa. Idan cinya ce ta al'ada, kyauta ce mai kyau. Idan kuɗi ne, ya zama ladan shiga da jagora da masauki, sananne tun farko. Sayar da dabbar da ke yawo a daji ba a kama ta ba bai inganta ba, domin cinikin garari ne, kamar sayar da tsuntsu a sama.

Ya fi kyau a rubuta yarjejeniyar ko a kafa shaidu biyu. Kuma saboda matsalar masu garkuwa da mutane a wasu sassan Mayo Rai, a sanar da jandarmomi mafi kusa, don kada a ɗauki mai bindiga a daji a matsayin ɗan fashi.

Sharuɗɗan halaccin nama

Asalin halatta dabba shi ne yanka. An yi rangwamen harbi ne ga dabbar daji da ba a iya kamawa. Ga sharuɗɗan a mazhabar Imamu Malik:

1. Maharbi ya zama Musulmi mai hankali da wayo, ba ya cikin harami.

2. Ya yi niyyar halatta dabbar, ya ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya ko harsashi ko kare. Wanda ya manta an yafe masa. Wanda ya bari da gangan ba a ci.

3. Makami ya zama mai huda jiki ya fid da jini. Abin da gora ko dutse ko tarko ya kashe mushe ne, sai in an riske shi da rai an yanka. Game da bindiga, magabata ba su san ta ba, amma malaman Fas na baya, irin su Ibnu Gazi da Abdulƙadir al-Fasi, sun halatta abin da harsashi ya kashe, kuma a kan haka ake fatawa.

4. Idan kare ne, ya zama horarre, mai tafiya idan an tura shi, kuma daga hannun mai shi ya tashi. Idan wani karen da ba a san shi ba ya shiga cikin kamun, ba a ci.

5. Kada wani sababi ya yi tarayya a kisan, kamar dabbar ta faɗa ruwa, ko kibiyar tana da dafi, har a rasa sanin wanne ya kashe ta.

6. Ya bi ta ba tare da sakaci ba, wuƙarsa a jikinsa. Idan ya same ta da rai kuma harbin bai huda makasa ba, wajibi ne ya yanka. Idan ta mutu yana neman wuƙa a jaka ko a hannun yaro, ba a ci.

7. Idan ta ɓace masa ta kwana, sai da safe ya tsince ta a mace, mashhurin zance shi ne ba a ci.

Gaɓar da harbi ya cire daga jikin dabba, kamar ƙafa, ba a cin ta, ana cin sauran. Gadu kuwa alade ne. Harbi ko yanka ba ya halatta shi, kuma ba a cin kuɗinsa.

Naman da baƙo ya harbe

Wannan mas'ala ta shafi 'yan'uwanmu masu bin sawu da masu fiɗa da direbobi a sansanonin farauta, da ƙauyukan da ake raba wa nama bayan baƙo ya ɗauki ƙaho da fata. A wurin Imamu Malik, abin da Bayahude ko Banasare ya kashe da harbi ba a ci, ko da yake ana cin yankansa da sharuɗɗa. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta farautar Ahlul Kitabi kamar yadda suka halatta yankansu. Wanda ba shi da addini ko mai bautar gumaka kuwa, babu mai halatta abin da ya kashe.

Mafita ita ce Musulmi ya kasance kusa da wuƙa mai kaifi, ya yanka da zarar dabbar ta faɗi da sauran rai. A Malikiyya yankan yana amfani matuƙar harsashi bai huda ɗaya daga makasai ba, wato yanke lakar baya, ko zubar ƙwaƙwalwa, ko zubar kayan ciki, ko hujewar hanji, ko yanke jijiyar wuya. Amma kada wani ya kusanci ɓauna mai rauni don neman yanka. Ran mutum ya fi nama. Mai aiki a irin wannan wuri ya yi wannan magana da mai sansani tun ranar ɗaukarsa aiki.

Lokaci da guzuri

Farautar arewa ta rani ce, daga Disamba zuwa kafin saukar damina. A hunturu ciyawa tana da tsawo amma nama yana jurewa. A Maris da Afrilu daji ya buɗe, dabbobi sun taru a bakin ruwa, amma zafi yana haura digiri 40, nama kuma yana lalacewa cikin 'yan awoyi. Saboda haka a fid da kayan ciki nan take, a rataye a inuwa, a tanadi gishiri da itacen banda. A riƙe ruwa isasshe, da maganin zazzaɓin sauro, da tufa mai kare cizon tsando. A ƙyale mace mai ciki da mai shayarwa. Kada a harba sai an ga dabbar sarai an kuma san abin da ke bayanta, domin kisan kuskure yana da diyya da kaffara, ban da hukuncin kotu.

Salla kuma ba ta faɗuwa a daji. Mai tafiyar da ta kai buridi huɗu, wato mil 48, don neman abinci yana yin ƙasaru. Mai fita don nishaɗi kawai, Malikiyya ba su sunnanta masa ƙasaru ba.

Rufewa

Wanda yake ganin an tsananta, ya tuna karkanda. Arewacin Kamaru ne mafakarta ta ƙarshe a wannan yanki na Afirka; binciken 2006 bai samu ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa irinta ya ƙare. A farkon 2012 mahaya dawakai ɗauke da manyan bindigogi suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njidda cikin 'yan makonni. Garwa kuwa ita ce mazaunin makarantar horar da jami'an namun daji tun 1970, wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka da dama. Bai dace mutanen garin da ake koyar da tsare daji su zama masu ƙarar da shi ba.

Ya ɗan'uwa mafarauci, kafin ka fita ka tambayi kanka: me ya fitar da ni, kuma na san sharuɗɗan yanka da harbi? Takarduna sun cika, dabbar kuma tana cikin abin da aka yarje mini? Mai ƙasa ya sani ya kuma yarda? Idan amsa ɗaya ta zama a'a, ka ajiye makami har ka gyara. Allah ya ciyar da mu halal, ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinsa. Allah ne mafi sani.